Nasihar Juma'a: Kafin a Sayar da Shago a Nemi Biza

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, a 'yan watannin nan zancen fita waje ya yawaita a shagunanmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba. Wane zai tura ɗansa karatu, wane ya samu aiki yana son ɗaukar iyali. Neman halal a ƙasar Allah ba laifi ba ne, mu ma da muke Legas tafiya ce ta kawo mu ko ta kawo iyayenmu. Sai dai akwai abu biyu da masu haɗa takardu ba su cika faɗa ba: kuɗin gida da sharaɗin yare. Za mu ɗauki Jamus misali.

Na farko, muhalli. A Jamus wata-wata ake biyan haya, amma kafin a ba ka makulli mai gida na iya karɓar kuɗin ajiya har na hayar wata 3, ban da hayar watan farko. Kuɗin ɗumama ɗaki da ruwa da shara ana ɗora su a kan hayar, wutar lantarki kuma lissafinta daban. A manyan birane irin su Munich da Berlin da Frankfurt mutane da yawa ne ke layi a kan gida ɗaya, kuma mai gida zai nemi shaidar albashi. Bayan ka tare, doka ta ba ka kwana 14 ka yi rajistar adireshinka da takardar da mai gidan ya sa wa hannu. In babu wannan rajista, sauran takardunka tsayawa suke yi.

Ɗalibi kuwa, tun watan Satumba na 2024 sai ya nuna Yuro 11,904 na shekara ɗaya, yawanci a asusun da ake kullewa, ana sakar masa Yuro 992 duk wata. Kowa ya ɗauki waya ya juya wannan kuɗi zuwa naira kafin ya yi wa yaro alkawari.

Mai son kai iyali dole ya nuna gidan da zai ishe su. Ma'aunin da aka saba bi shi ne murabba'in mita 12 ga duk wanda ya wuce shekara 6, mita 10 ga wanda bai kai ba. Kun ga miji da mata da yara biyu 'yan makaranta suna bukatar mita 48 ke nan. Ɗaki ɗaya da muke lallaɓawa da shi a nan ba zai karɓu ba. Wannan bai kamata ya zame mana baƙon abu ba, domin a Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6, Allah ya ɗora wa miji samar wa mace wurin zama gwargwadon halinsa. Matsuguni haƙƙinta ne, ko a Legas ko a Turai.

Na biyu, yare. Matar da za ta bi mijinta Jamus yawanci sai ta ci jarrabawar Jamusanci ta matakin farko, wato A1, tun tana nan Najeriya. Cibiyar Goethe da ke Legas na yin wannan jarrabawa. An ɗauke sharaɗin ga matan wasu ƙwararrun ma'aikata, don haka kowa ya bincika matsayinsa. Takardar zama na dindindin kuwa, a ƙa'ida sai bayan shekara 5, da yare matakin B1, da biyan kuɗin fansho na wata 60, da abin riƙe kai, da isasshen gida. Darasin da gwamnati ta tsara wa baƙi awa 600 ne na yare, da awa 100 na dokoki da tarihin ƙasa.

Kada wani ya ce yaren Turawa ne, ba ruwan Musulmi da shi. Suratur Rum, aya ta 22, ta lissafa bambancin harsuna cikin ayoyin Allah. Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙu, ya kuma iya cikin kusan rabin wata. Ai mu shaida ne: wanda ya ji Yarabanci a cikinmu ba a cika cutarsa a kasuwa ko wajen ejan ɗin gida ba. Wanda bai ji yaren gari ba, a hannun tafinta yake, har a gaban likita da alƙali.

Don haka muna jan kunnen juna a kan abu uku. Kada a sayi takardar shaidar yare ta bogi ko adireshin ƙarya. Ha'inci ne, kuma in an gano, biza da kuɗi da mutunci duk sun tafi. Kada a ci bashin ruwa don cika asusu. Abin da aka fara da riba ba ya albarka. Kada kuma a bar mata da yara babu ci da sha da kuɗin haya, a ce sai an daidaita. Daidaitawar nan tana iya cin shekaru. Iyaye mata, in tafiya ta tabbata, a ba 'ya'yanku dama su zauna su koyi yaren, don su ne za su kai yara makaranta da asibiti.

Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. To, ɗaure raƙuminmu shi ne lissafi a rubuce, shawara da wanda ke zaune can yana biyan haya, da istihara. In lissafi bai fita ba, riƙe shagonka ba gazawa ba ce.

Allah ya buɗa mana ƙofofin halal, ya tsare matafiyanmu, ya sa albarka a kasuwanninmu da zuri'armu. Amin.

Sakataren Masallaci