Hoto a Majami'a: Taimako Ne ko Gunki?

A birnin Gand na ƙasar Beljik akwai wata majami'a mai babban allon hotuna wanda aka yi domin bagadi. Wa da ƙane, Hubert da Jan van Eyck, su suka zana shi, aka gama a shekara ta 1432. Yana da ƙyamare kamar taga: a dā ranar aiki a rufe, ranar idi a buɗe. A tsakiya ga Ɗan Rago tsaye, jininsa yana zuba cikin ƙoƙo, jama'a kuma suna tahowa daga kowace kusurwa. Masassaƙan Anvers da Buruksel su ma sun sassaƙa labarin gicciye da itace, suka shafe shi da zinariya, aka sayar har ƙasar Suwidin. A zamanin nan talaka bai iya karatu ba. Da ido ya ga abin da kunne ya ji.

A shekara ta 1566 waɗansu Furotesta suka shiga majami'un ƙasar suna farfasa siffofi, suna cewa gumaka ne. Sai da aka ɓoye allon nan cikin hasumiya kafin ya tsira. To, wa ke da gaskiya, mai sassaƙa ko mai fasawa?

Ka tuna da macijin tagulla. Bisa umurnin Allah Musa ya ƙera shi, waɗanda suka dube shi kuwa suka rayu. Amma da jikokinsu suka soma ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya ragargaza shi (2 Sarakuna 18:4). Tagullar ba ta sake ba, zuciyar mutane ce ta sake.

Haka hoton yake. Idan ya tuna maka da Yesu wanda ya mutu dominka, ya yi aikin manzo. Idan ka durƙusa masa kana roƙonsa, ka ba manzo kujerar sarki, ka kuwa karya doka ta biyu. Itace ba ya ji, zinariya ba ta gafarta zunubi.

Kada ka yi fahariya don bangon majami'arku ba hoto. Gunkin itace gatari ya ishe shi, amma na zuciya fa? Kuɗi, laya a ƙarƙashin riga, yabon mutane: wane ne zai fasa maka su? Bincika kanka yau, ka kai su gaban Ɗan Ragon da kansa.