Gonar Wiwi a Ƙasar Ƙanƙara: Ko Gumin Manomi Yana Tsarkake Amfaninsa?

Ranar 17 ga Oktoba, 2018, wata doka ta fara aiki a ƙasar Kanada wadda ta ba manya izini su sayi tabar wiwi, su sha, su kuma shuka ta a gida. Kanada ce ƙasa ta biyu a duniya da ta yi haka, bayan Uruguwai wadda ta riga ta a 2013. Bisa ga dokar, kowane gida yana iya riƙe tsiro huɗu, ba kowane mutum ba, kowane gida. Jamus ta bi sawu ranar 1 ga Afrilu, 2024, ta yarda wa kowane baligi tsiro uku. Saboda haka a yau, a bayan gidajen mutane masu mutunci, malaman makaranta, direbobi da waɗanda suka yi ritaya, ana iya ganin wiwi tana girma kusa da tumatir da kabeji, ba wanda yake ɓoye ta, ba kuma wanda yake tsoron ɗan sanda.

Shuka ta a fili a waɗannan ƙasashe ba wasan yara ba ne. A wurare da yawa na tsakiyar Kanada, kwanakin da ruwa ba ya daskarewa da dare ba su wuce wata huɗu a shekara ba. Mai lambu ba ya kuskura ya fitar da dashensa waje sai wajen ƙarshen Mayu. Ita kuwa wiwi tana da wata ɗabi'a, watau ba ta fara huda sai dare ya soma tsawo. A can arewa, inda rana takan yi awa goma sha shida ko fiye tana haskakawa a watan Yuni, dare ba ya tsawo sai cikin Agusta, furen kuma ba ya nuna sai ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, daidai lokacin da sanyi mai kashe ganye yake isowa, ruwan kaka kuma yana sa furen ya yi fumfuna ya ruɓe. Manomin yakan zama kamar mai tseren gudu da hunturu. Yakan tashi da tsakar dare ya rufe tsironsa da zane, ya koma da asuba ya buɗe. Yakan bi hasashen yanayi kamar mai jiran labarin ɗansa da ke asibiti. Wasu sun nemo wani gajeren iri na daji daga Rasha, wanda wani masanin tsirrai mai suna Yanishebski ya bayyana a 1924, wanda yake huda bisa ga kwanakinsa ba bisa ga tsawon dare ba, suka haɗa shi da nasu domin su riga ƙanƙara.

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya zai ga wannan hidima ya girmama ta. A nan ne kuwa tambayar take. Idan mutum ya yi haƙuri, ya yi naciya, ya hana idonsa barci, bai saci iri ba, bai ci iyakar maƙwabci ba, hukuma kuma ta ba shi izini, shin akwai sauran wata magana a kan abin da ya girba?

Masu wannan noma sukan ce babu. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta gumi, kuma ita ce mafi shiga zuciya, gama mutane sun saba ɗaukar wahala a matsayin shaidar gaskiya. Abin da aka samu a banza ana zarginsa, abin da aka sha wuya a kai ana ba shi daraja. Mai lambun Kanada yakan ce gara shi da ya shuka da hannunsa, ya san ƙasar da ta fito, bai zuba mata guba ba, bai kuma ba ɗan fasa-ƙwauri ko sisin kwabo ba. A cikin wannan akwai gaskiya, bai kuwa kamata a hana shi ita ba. Amma haƙuri da himma bayi ne, suna yi wa duk wanda ya ɗauke su aiki. Mai haƙa rami ya shiga rumbun wani ma yana kwana a farke, yana lissafin fitowar wata, yana jure sanyi. Ba wanda zai ce rashin barcinsa ya halatta masa hatsin. Ba ana cewa mai shuka wiwi ɓarawo ne ba. Abin da ake nufi shi ne, wuya ita kaɗai ba ta yanke hukunci a kan komai. Tana nuna yawan yadda mutum yake son abu, ba ta nuna ko abin ya cancanci a so shi.

Littafin Farawa, sura ta 9, ya ba da labarin manomi na farko bayan ruwan tufana. Nuhu ne, mutumin da aka shaida adalcinsa a zamaninsa. Ya dasa gonar inabi, kurangar inabi kuwa takan ɗauki wajen shekara uku kafin ta ba da 'ya'ya na kirki, saboda haka babu mai tuhumarsa da ƙyuya ko gaggawa. Gonarsa ce, guminsa ne, babu dokar da ta hana shi, gama babu ma hukuma a lokacin. Duk da haka ranar da ya sha amfanin gonar ya bugu, ya kwanta tsirara cikin alfarwarsa, abin da ya faru ya raba 'ya'yansa, ya kuma bi jikokinsa. Nassin bai zagi kurangar ba, bai kuma yaba wa shekarun da aka yi ana yi mata hidima ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne yadda uba ya rasa hankalinsa a gaban iyalinsa.

Hujja ta biyu ita ce wadda ake ji daga bakin matasa ko'ina, daga Toronto har tashar mota: ai ganye ne, Allah ne ya halicce shi. Haka ne. Shi ne kuma ya halicci zaƙami da gwaska, ba wanda yake miya da su saboda haka. Amma akwai wani gefen hujjar da ya fi wannan wuya, wanda ya kamata mai bi ya tsaya a kansa da gaskiya. Dawa guda ce take zama tuwo take kuma zama burukutu, ikilisiya kuwa ba ta taɓa hana kowa noman dawa ba. Me zai sa a bambanta wiwi? Ita ma tana da amfani mai kyau. Shekaru dubbai mutanen Sin da na Turai suna tufka igiya da saƙa tufafi da filafilan jiragen ruwa daga ɓawonta, kamar yadda ake yi da rama. Kanada ta sake halatta noman wannan iri tun 1998, muddin sinadarin da ke bugarwa, wanda ake kira THC, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. A ƙasar Finlan ma an fitar da wani iri mai suna Finola wanda yake jure gajeriyar damina, ana matse mai daga ƙwayarsa. Manomin wannan iri yana tsere da ƙanƙara guda da maƙwabcinsa, ba kuwa wata tambayar lamiri a kansa.

Bambancin yana cikin abin da mai lambu yake yi wa tsiron da hannunsa. Wiwi tana da namiji da mace. Wanda yake neman maye yakan tumɓuke mazan tun da wuri domin kada macen ta yi ƙwaya, ta zuba duk ƙarfinta cikin danƙon da ke bugarwa. Watau da gangan yake hana ta ba da iri, da mai, da igiya. Manomin dawa bai san inda kowane dami zai ƙare ba, yawancinsa kuwa cikin tukunyar tuwo zai shiga. Wannan kuwa ya riga ya yanke wa amfaninsa hanya guda tun ranar da ya zaɓi iri. Kuma irin da yake zaɓa ba shi ne ganyen da kakanni suka sani ba. Gwajin da aka yi wa wiwin da hukumomin Amurka suka kama ya nuna ƙarfinta ya tashi daga wajen kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa wajen kashi 12 a 2014, abin da ake sayarwa a shagunan Kanada kuma sau da yawa yana haura kashi 20. Wannan aikin ɗan adam ne na shekaru, ba yadda ta fito daga hannun Mahalicci ba ke nan.

Maganar magani daban take, bai kamata a cakuɗa ta da wannan ba. Kanada ta yarda da amfani da wiwi bisa ga izinin likita tun 2001, a 2018 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, maganin da aka tace daga tsiron domin wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani a jikin yara. Uwar da take ba ɗanta wannan ba ta da abin kunya. Majinyaci yana neman a mayar masa da kansa ne. Mai neman maye yana neman ya rabu da kansa na ɗan lokaci.

Sai batun doka. Gwamnatin Kanada ta ba da dalilanta a fili: a janye kuɗi daga hannun masu laifi, a tsare yara, a daina ɓata wa matasa suna da tarihin ɗauri saboda ɗan ƙunshi. Masu bi na gaske sun sha bamban a kan ko wannan siyasa ce mai kyau, ana kuma iya barin wannan gardama ga 'yan majalisa. Abin da ba za a bar musu ba shi ne lamiri. Kanada da kanta ta haramta wiwi a 1923, ta riƙe haramcin shekara 95. A Nijeriya, dokar soja ta 1966 ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai shuka ta, kafin a sassauta a 1975. Tsiro guda ne: a wani wuri igiyar rataya, a wani wuri izinin gwamnati. Idan doka ce ma'aunin nagarta, to nagarta tana canjawa da fasfo. Manzo Bulus ya gamu da irin wannan tunani a Korinti, wurin mutanen da suke taƙama cewa an sake musu kome. A wasiƙarsa ta fari, sura ta 6 da ta 10, bai tsaya gardama a kan izinin ba. Ya ɗora musu waɗansu tambayoyi ne a kai: ko abin yana da amfani, ko yana gina wani, ko kuwa zai zama ubangidan mai yinsa. Tambaya ta ƙarshen tana da nauyi a nan, gama likitoci sun daɗe suna ƙiyasta cewa wajen mutum ɗaya cikin goma na masu shan wiwi yakan kamu har ya kasa bari, a cikin waɗanda suka fara tun suna samari kuwa, wajen ɗaya cikin shida. Ba wanda yake dasa tsironsa na fari da niyyar zama wannan ɗayan.

Saura kalmar da mai lambu yakan rufe baki da ita: a bayan gidana ne, ban cuci kowa ba. Amma gida ba mutum ɗaya ba ne. Tsiro huɗu da suka sami rana sosai suna iya ba da abin da ya fi ƙarfin mutum guda, kuma babu takardar gargaɗi a jikinsa, babu marfin da yaro ba zai iya buɗewa ba. Yana bushewa a ɗakin ajiya, yaron gida mai shekara goma sha huɗu kuwa ya san inda mabuɗi yake. Fiye da haka, yaron ya yi wata biyar yana kallon mahaifinsa yana tashi da dare saboda wannan tsiro, ya kuwa koyi abin da yake da daraja a gidan ba tare da an faɗa masa kalma ba. Ƙwaƙwalwar ɗan adam tana kan ginuwa har wajen shekara 25. Wani bincike da aka yi a birane da dama na Turai da Brazil, aka buga a 2019, ya gano cewa masu sha kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba sau uku wajen haɗarin taɓin hankali, masu shan mai ƙarfin kuwa kusan sau biyar. Likitocin jihar Ontariyo sun ba da rahoton ƙaruwar ƙananan yara da aka kai asibiti bayan sun ci alewa ko biskit mai wiwi. Irin wannan damuwa ce ta sa jihar Kebek ta hana shukar gida ɗungum, ta kuma ɗaga shekarun saye zuwa 21. Wani mutum ya kai ƙara, amma a Afrilun 2023 Kotun Ƙolin Kanada ta tabbatar wa jihar ikonta.

Wannan magana ba ta tsaya a ƙasar ƙanƙara ba. Dokar Kanada ta hana ketare iyaka da wiwi, duk da haka hukumar NDLEA ta sha kama wadda ake kira Loud a tashoshin ruwa na Legas, an cusa ta cikin motocin da aka yi oda daga can. Tana shigowa ƙasar da binciken da aka fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta masu shan wiwi a cikinta sun kai miliyan 10.6. Ga kuma iyalai da yawa da suka sayar da fili suka aika ɗa ko 'ya karatu a Kanada. Yaron da aka rene shi a kan cewa wiwi abin 'yan tasha ne, sai ya tarar mai gidan da yake haya, dattijo mai kirki wanda ya ɗauko shi daga filin jirgi, ya ba shi rigar sanyi, shi ne yake ban ruwa ga tsiro huɗu a bayan gida. Idan duk abin da aka ba yaron a gida shi ne tsoron kamu da tsoron abin kunya, to duka biyun sun faɗi a rana guda, gama a nan babu kamu, babu kuma mai jin kunya.

Ikilisiyoyin baƙi a Winifeg da Kalgari suna iya gamuwa da abin a cikin garkensu, ba a bayan katanga kaɗai ba. Ɗan'uwan da ya shuka huɗunsa bai karya dokar ƙasa ba, dattawa kuma ba su da ɗan sandan da za su jingina da shi. Dole su zauna da shi kamar yadda ake zama da manomi, su tambaye shi wane iri ya zaɓa, don me ya tumɓuke mazan, su wa suke kwana a gidan, da kuma wanda zai ci abin da za a yanke a watan Oktoba.