Filin Da Ka Saya, Gonar Wa Ce?

Bara cikin watan Agusta, lokacin da hatsi ya kan yi ƙasa a rumbu, wani ɗan'uwa na ekklesiyarmu ya zo wurina da almuru yana murna. Ya ce, "Fasto, Allah ya buɗa mani hanya. Na sami fili a bakin garin Sandamu, ƙafa 50 da ƙafa 100, da araha ƙwarai. Ina so ka zo jibi ka zama shaida." Mutumin nan malamin makaranta ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana zaman haya cikin ɗaki biyu, da matarsa da ƴaƴa biyar, sau uku kuma ana tashinsu. Na yi murna tare da shi. Amma da ya faɗi kuɗin, sai na ce, "Malam, me ya sa mai filin ya ke sayarwa haka?" Ya ce bai tambaya ba.

Ba laifi ba ne mutum ya so gidan kansa. Wanda bai taɓa ɗora tabarmi da tukwane a kan amalanke ba, yara suna kuka, maƙwabta suna kallo, kada ya yi saurin cewa son gida son duniya ne. Tambayar da ke gabanmu dabam ce. Idan bukatar wani ta sa ya karya kuɗin abinsa, daidai ne in saya, in ce Allah ne ya ba ni?

Bari mu fara duba abin da ya sa fili ya zama abin rububi a wajenmu. Ƙasar Daura ƙananan hukumomi biyar ce: Daura, da Sandamu, da Mai'aduwa, da Zango, da Baure. Daga shekara ta 2015 zuwa 2023, sa'ad da Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya ke shugaban ƙasa, ayyuka da yawa sun sauka a nan. An kafa makarantar foliteknik ta Tarayya a Daura. A watan Disamba 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri. A watan Fabrairu 2021 aka soma aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Kowane aiki yana kawo ma'aikata, kowane ma'aikaci kuwa yana neman wurin kwana. Da birni ya cika, sai ido ya koma garuruwan da ke kusa, Sandamu kuwa maƙwabciyar Daura ce. Gonar da a ke noma gero da wake shekaran jiya, yau an kafa mata turaku an yanka ta fuloti fuloti. Dillali yana tsaye ƙarƙashin gawo, yana nuna iyaka da sandarsa.

Saboda haka kusan kowane sabon gida a bakin gari yana zaune a kan gonar wani. Wannan ba sata ba ce. Gari ba ya girma a cikin iska. Amma ya kamata mai saye ya san abin da ya ke saye.

Akwai wani abu cikin Littafin Firistoci, sura 25, wanda na daɗe ina tunaninsa. Dokar Musa ta raba tsakanin gida da gona. Wanda ya sayar da gida cikin birni mai ganuwa, yana da shekara ɗaya ya fanshe shi. In ta wuce, gidan ya zama na mai saye har abada. Gona kuwa ba haka ba. Dangi suna da ikon fansarta, in kuma ba su iya ba, a shekara ta hamsin sai ta koma hannun masu ita. Har gidajen ƙauyukan da ba su da ganuwa, tare da gonaki aka lissafta su. Don me? A ganina domin wanda ya rasa gida ya rasa inuwa, amma wanda ya rasa gona ya rasa abincinsa da na jikokinsa. Mu ba mu ƙarƙashin wannan doka, ba na kuwa cewa a mayar da fili bayan shekara hamsin. Amma mutumin ƙasar Daura, wanda ya san bambancin cikin ganuwa da bayan ganuwa, ba ya bukatar a fassara masa ita. Abin da ke faruwa yanzu shi ne, ana sayen gona da sunan gida. Mai saye yana ganin ɗaki da zaure. Mai sayarwa ya ba da damin geron baɗi da na baɗin baɗaɗa.

To, muka tafi muka tambaya. Ga abin da muka tarar. Mai gonar ya rasu shekara biyu da suka wuce. Ya bar mata ɗaya, da ƴaƴa maza biyu, da mata uku. Babban ɗan ne ya ke sayarwa, domin ƙaninsa yana kwance a asibiti, ana neman kuɗin aiki cikin mako guda. Kuɗin da ya yanka bai kai kashi biyu cikin uku na abin da maƙwabcinsa ya karɓa da rani ba. Ba a raba gado ba tukuna. Tsohuwa ba ta sani ba, ƴan matan kuma suna gidajen mazansu, ba wanda ya aika musu.

A kan gado ba ni da shakka ko kaɗan. Mutanen gidan nan Musulmi ne, shari'arsu kuma a fili ta ke: matar mamaci mai ƴaƴa tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, ƴa mace kuma tana da rabin rabon ɗa namiji. Wanda ya sayi gonar daga hannun ɗa ɗaya, ya sayi rabon mutum biyar ba da yardarsu ba. Ko da dillali ya kawo takarda mai hatimi, ba ta wanke shi ba. Mu tuna kuma, tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a kan amana. Abin da mu ke saye ikon zama ne, a karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da shi bisa al'ada. Takarda tana da amfani, a neme ta. Ibrahim ma da ya sayi kogon Makfela, a gaban mutanen gari ya auna shekel 400 na azurfa, ya ƙi karɓarsa kyauta. Amma takarda tana tsare ka daga ƙara ne kaɗai. Ba ta hana tsohuwa wucewa ta ƙofar gidanka kowace safiya tana duban inda kukarta ta ke a dā.

Zancen arahar shi ne mai wuya, a nan kuwa ni da ɗan'uwan nan muka yi gardama har dare ya raba. Ya ce, "Fasto, ban tilasta shi ba. Shi ya yanka kuɗinsa. In ban saya ba, gobe wani mai kuɗi zai saya, ya kewaye shi da bulo, ya bar shi kango shekara goma yana jiran tsada. Ni kuwa zama zan yi. Kuma yaron nan na asibiti, da me za a yi masa aiki?" Gaskiyarsa ce, kowace kalma. Ƙin saye ba taimako ba ne. Akwai irin tsarkin da ke wanke hannu ya tafi, ya bar mabukaci da wanda ya fi mugunta. Ban kuma yarda da masu cewa manomi bai san abin da ya ke yi ba in ya sayar da gona. Na san waɗanda suka sayar da kadada kusa da gari, suka sayi biyu a nesa, har da shanun huɗa.

Amma duk da haka na ce masa, yarda iri biyu ce. Akwai yardar mutumin da zai iya cewa a'a, ya koma gida ya kwana, ya jira wani mai saye. Akwai yardar wanda ƙaninsa ke kwance. Bakinsu ɗaya, amma cinikin ba ɗaya ba ne. Kashi ɗaya cikin ukun nan da ya ragu, ba daga ƙasar ya ragu ba, gama ƙasar ba ta sāke ba tun rani. Ciwon yaron ne ya rage shi. In ka sa shi aljihu, ribar ciwo ka ci. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ni ina ƙara cewa, wata arahar kuka ne a cikinta, sai dai ba kai ke yinsa ba.

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, in na biya cikakken kuɗi, da me zan yi gini?" Ba ni da amsa mai daɗi. Kowa ya san buhun siminti ya wuce naira 10,000 a farkon 2024, albashin malami kuwa bai bi shi ba. Na ce masa ginin zai yi jinkiri, watakila shekara biyu. Ban ɓoye masa ba, ni da ke ba da shawarar nan a gidan ekklesiya na ke zaune, ba mai tashina.

Bai amsa mani a daren ba. Bayan kwana biyu ya zo ya ce mu tafi. Aka kira tsohuwa da ƴaƴanta duka a gaban mai unguwa, aka aika wa limaminsu ya zo ya lissafta rabon kowa. Ɗan'uwan nan ya durƙusa ya ce, "Inna, in ba ki yarda ba, na fasa." Ta daɗe ba ta yi magana ba. Daga baya ta ce a sayar da gefen hanya, a bar mata gefen da kuka ta ke. Ya biya kuɗin asibiti a ranar, sauran kuma aka rubuta zai cika bayan wata shida, bisa kuɗin da maƙwabci ya karɓa da rani. Ɗaya daga cikin ƴan matan ba ta so ba, ta sa hannu ne don uwarta, har yau kuwa ba ta gaishe shi.

Ya cika alkawari cikin watan Fabrairu, da kuɗin adashin matarsa. Yaron ya tashi. A filin yanzu akwai harsashin ɗaki biyu da bulo jeri huɗu, matarsa ta shuka kuɓewa a inda zaure zai zauna. Mai gidan hayarsu ya ƙara musu kuɗi da sabuwar shekara.