Kaset ɗin Marigayiya: Tsakanin Haƙuri da Bege

A Zungeru na san wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda tun rasuwar mai ɗakinsa yake da kaset ɗaya na Mamman Shata da yakan saka bayan sallar isha'i. Ita ce take son kaset ɗin, shi kuwa da can ƙorafi yake yi a kansa. 'Yan'uwa suka fara tsegumi, wai malam ya kasa haƙuri. Wannan hukunci nasu ne ya daɗe yana yi mini kai-kawo a zuci.

Al'adarmu ta tanadar wa mace takaba, wata huɗu da kwana goma, kowa ya san tana cikin juyayi. Namiji kuwa, da an share makoki sai a soma yi masa zancen sabon aure. Kunya ta hana shi ambaton sunanta, balle ya ce yana begenta. To, ina zai kai abin da ke cinsa? Ashe ba mamaki ya fake a bayan kalangu, ya bar makaɗi ya faɗi abin da bakinsa ba zai iya ba.

A ganina an cakuɗa abu biyu. Haƙuri shi ne kada bawa ya yi jayayya da hukuncin Ubangiji; ba shi ne mantuwa ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta kuma yi wa aminiyarta A'isha. Ban taɓa jin malamin da ya zarge ta da ƙarancin tawakkali ba.

Inda gizo ke saƙar wani wuri ne daban. A 2007 wani marubucin harkar kiɗa a Amurka, Rob Sheffield, ya fitar da littafi mai suna Love Is a Mix Tape, game da matarsa da ta rasu farat ɗaya a 1997. Kowane babi ya buɗe shi da jerin waƙoƙin wani kaset, daga nan ya shiga labarin zamansu. Littafin ya shiga ran jama'a ƙwarai, ni ma ya taɓa ni. Amma ina karantawa ina tambayar kaina: ita wa ya shawarce ta? Zaman aure amana ce ta mutum biyu, ga shi ɗaya ya kwanta dama, ɗayan ya buɗe ƙofar ɗaki ga dubban baƙi. Asma'u ta yabi halin mamatanta, ta ambaci rashin da ta yi, sannan ta ja labule. Sheffield ya ɗage labulen, kuma, gaskiya ɗaya ce, ɗagewar ce ta sa masu irin ciwonsa suka sami abokin kuka. Na fi karkata ga tafarkin Asma'u, sai dai ba zan iya cewa ban amfana da nasa ba.

Dattijon namu bai rubuta komai ba, bai tona asirin kowa ba. Zuwana na ƙarshe na tarar zaren kaset ɗin ya tsinke, jikansa ya sa masa waƙoƙin a waya. Ya saurara kaɗan, ya miƙa masa abarsa, ya ce wannan ba ta da ƙarar nan da kaset ɗin ke yi a daidai inda marigayiyar ta taɓa liƙe zaren da jan farce.