Jinƙai ga Kyanwar da Ba Za Ta Warke Ba

Akwai tambayar da masu bi ba su cika kawowa gaban fasto ba, domin suna ganin ta yi ƙanƙanta. Idan kyanwar gida ta kamu da cutar da ba ta da magani, wane hakki take da shi a kan mai gidan? Ya ci gaba da ciyar da ita yana jinyarta har ranar mutuwarta, ko kuwa ya sa ta a buhu, ya aiki yaro ya yar da ita a bayan gari? A gidaje da yawa ba a ma tsayawa a yi tambayar. Kyanwa tana da gurbi muddin tana tsare rumbu daga ɓeraye. Ran da ta rame ta daina farauta, zamanta ya ƙare. Ni kuwa ina ganin wannan ƙaramar tambaya tana auna babban abu, wato ko jinƙanmu na gaskiya ne, ko ciniki ne muka laƙaba masa sunan jinƙai.

Bari mu fara da sanin cutar, gama yawancin muguntar da ake yi wa marasa lafiya daga rashin sani take fitowa. Cikin cututtukan da suke kashe kyanwoyi a duniya akwai wadda ake kira sankarar jini ta kyanwa, likitocin dabbobi kuwa suna taƙaita sunan ƙwayarta da haruffan FeLV. Wani likitan dabbobi mai suna William Jarrett da abokan aikinsa ne suka gano ƙwayar a Jami'ar Gilasgo ta ƙasar Sikotilan a shekara ta 1964. Tana da yawa cikin miyau, saboda haka tana bin hanyoyin da kyanwoyi suke nuna wa juna zumunci: lasar juna, da ci da sha a kwano ɗaya. Cizo ma yana yaɗa ta, uwa kuma takan ba 'ya'yanta tun suna ciki ko ta nono. Ƙanana sun fi manya saurin kamuwa.

Ba duk kyanwar da ƙwayar ta shiga jikinta ce take faɗuwa ba. Wata jikinta yakan kore ta gaba ɗaya. Wata jikinta yakan danne ta, ta kwanta shiru, wataƙila har ƙarshen rai ba ta tashi ba. Wata kuwa ƙwayar takan rinjaye ta, ta zauna cikin jininta. Wannan ce take fama da ƙarancin jini, da ciwon daji, da raunin garkuwar jiki, har mura ko gyambon baki su zama mata babbar jinya. Da gwajin jini ake ganewa, akan kuma maimaita shi bayan wata ɗaya ko fiye, don gwaji ɗaya bai isa a yanke hukunci ba. Har yau babu maganin da yake fitar da ƙwayar daga jiki. Akwai allurar rigakafi tun tsakiyar shekarun 1980, amma tana kare waɗanda ba su kamu ba ne kawai.

Abu biyu ya kamata mai gida ya riƙe. Na farko, cutar ba ta kama mutum, ba ta kuma kama kare. Ƙwayar ba ta daɗewa a waje da jiki, ruwa da sabulu ma sukan kashe ta. Na biyu, kamuwa da ita ba mutuwar gobe ba ce. Cibiyar lafiyar kyanwoyi ta Jami'ar Cornell a Amurka ta nuna cewa kusan rabin waɗanda aka gano cutar a jikinsu sukan wuce shekara 2 da rabi a raye bayan ganowar, ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin kyanwoyi ta Amurka ta fitar a 2020 kuma sun tsaya a kan cewa sakamakon gwaji shi kaɗai ba dalilin kashe kyanwa ba ne. Haka yake ga wata cutar mai karya garkuwar jiki, FIV, wadda aka gano a Kalifoniya a 1986: ta cizo ta fi yaɗuwa, musamman tsakanin muzurai masu faɗa, waɗanda suka kamu kuwa da yawa sukan tsufa da ita. Haka kuma ciwon ƙoda na tsofaffin kyanwoyi, wanda ba ya warkewa amma ana iya sassauta shi.

Waɗannan ƙwayoyin biyu dangi ɗaya ne da ƙwayar ƙanjamau. Ikkilisiya ba ta manta yadda tsoro ya sa aka guje wa 'yan'uwa masu wannan ciwo ba, aka ƙi gaisawa da su, aka ware musu kwano, alhali ba ta nan ciwon yake bi ba. Ba darajar mutum nake gwadawa da ta kyanwa ba; tsoron ne iri ɗaya. A wasu wuraren ma har ana zargin ramammiyar kyanwa da maita. Wanda yake cikin Almasihu ba shi da dalilin jifan marar lafiyar dabba saboda irin wannan zato.

To, me Maganar Allah ta ce? Cikin littattafai 66 na Littafi Mai Tsarki ba a ambaci kyanwar gida ba, amma an faɗi abin da ya ishe mu. Karin Magana 12:10 ta sa kula da ran dabba cikin alamun adali. Shari'ar Musa ta ba sa da jaki hutun Asabar a Fitowa 23:12, ta kuma umarci mutum ya taimaki jakin maƙiyinsa in ya faɗi da kaya. Alkawarin da Allah ya yi bayan ruwan tsufana, a Farawa 9, ya haɗa da kowace halitta mai rai. Sa'ad da Allah yake nuna wa Yunana dalilin tausayinsa ga Nineba, bayan ya ambaci mutane fiye da 120,000, sai ya ambaci dabbobin birnin.

Wani zai ce sa da jaki dabbobin aiki ne, kula da su kula da dukiya ce. Gaskiya ne. Shi ya sa maganar Ubangijinmu Yesu a kan 'yan tsuntsayen kasuwa ta fi kusa da batunmu. A Matiyu 10 farashinsu biyu ne a kan ƙaramin kuɗi ɗaya, a Luka 12 kuwa biyar ne a kan biyu. Duk wanda ya saba da kasuwa ya san abin da wannan lissafi yake nufi: na biyar ɗin gyara ne, mai sayarwa bai sa masa farashi ba. Wannan ɗan tsuntsun gyara ma, in ji Ubangiji, Allah bai manta da shi ba. Ashe, a wurin Allah darajar halitta ba a kan amfaninta take ba. Kyanwar da ta daina kama ɓera ta zama kamar tsuntsun nan na biyar. Ba ta da farashi a wurin mutane, amma tana cikin lissafin Mahaliccinta.

Yanzu sai mu saurari ƙin yarda mai nauyi, kada mu raina shi. Ɗan'uwa zai ce, “Fasto, a unguwarmu akwai yaran da suke kwana da yunwa, akwai gwauruwar da ta kasa sayen maganin zazzaɓi. Yaya zan kashe kuɗi a kan kyanwa?” Wannan magana tana da tushe cikin Nassi. Yesu da kansa, a wurin da ya yi zancen tsuntsayen, ya ce mutum ya fi su daraja nesa, manzo Bulus kuma a 1 Timoti 5:8 ya tsawata wa wanda ya ƙi kula da iyalinsa. Saboda haka tsarin a bayyane yake. Wanda ya ɗauki kuɗin makarantar ɗansa ya kai asibitin dabbobi bai yi adalci ba. Wanda yake yi wa kyanwarsa hidima, maƙwabcinsa kuwa yana kwance bai leƙa shi ba, ya juya tsarin Allah. Ba wanda aka wajabta wa cin bashi domin jinyar dabba.

Amma mu bincika zukatanmu. Sau nawa abin da aka hana kyanwar yake isa hannun gwauruwar? Sau da yawa sunan matalauci garkuwa ce kawai da muke ɗagawa don mu huta da ɗawainiya. Jinƙai ba hatsi ba ne da zai ƙare in an ɗiba. Hali ne, hali kuwa da yi yake ƙarfi. Yaron da aka aika ya yar da kyanwa a bayan gari ya koyi darasi a ranar, cewa wanda amfaninsa ya ƙare ana kawar da shi. Wannan yaron ne zai girma ya tsaya a kan iyayensa ranar da ƙarfinsu ya ƙare.

Banda haka, yawancin abin da irin wannan kyanwa take bukata kulawa ce fiye da kuɗi. A tsare ta a gida, kada ta yi yawo, don kada ta ɗauko wata cuta ko ta ba kyanwoyin maƙwabta tata; wannan ma ƙaunar maƙwabci ce. In akwai wasu kyanwoyi a gidan, a raba musu kwano da makwanci, a gwada su, a yi wa waɗanda ba su kamu ba rigakafi in ana samu. A yi mata aikin hana haihuwa, muzuru kuma a fiɗiye shi, don faɗa da yawo su ragu. A ba ta dafaffen nama ko kifi, ba ɗanye ba, kuma ba mai albasa ko tafarnuwa ba, gama suna lalata jinin kyanwa. A ajiye mata ruwa mai tsabta, a raba ta da ƙuma da tsutsar ciki. A riƙa duba dasashinta. In ya yi fari, ko ta ƙi abinci, ko numfashinta ya yi nauyi, a nemi likitan dabbobi da wuri. Inda hali ya yi, a kai ta dubawa duk wata 6. Kada kuma tausayi ya sa a ba ta maganin mutane. Farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi yadda tamu take yi.

Akwai iyaka ɗaya da ba a ƙetarewa. In kyanwa ta sauya hali farat ɗaya, tana dalalar miyau tana kai cizo, a yi zaton ciwon haukan kare, wanda yake kama mutum, yake kuma kisa. Kada a taɓa ta, a kira ma'aikatan dabbobi. Wanda ta ciza ko ta yakushe ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. A nan ran mutum ne a gaba, babu gardama.

Sauran tambaya mafi wuya: in jinya ta kai ƙarshe fa? Kyanwar ta daina ci, ba ta iya tashi, numfashi ya zama mata azaba. Shin zunubi ne a bar likita ya yi mata allurar da za ta ɗauke ranta cikin barci? Ban ga haka cikin Nassi ba. Mutum an yi shi cikin siffar Allah, ransa ba a hannunmu yake ba. Dabba kuwa an danƙa mana ita amana, mai amana kuma yana iya ganin cewa tsawaita rai ya koma tsawaita wahala. Abin dubawa shi ne dalilin. Domin ta huta ne, ko domin mu huta? Wanda ya nemi allurar ranar da aka gaya masa sunan cutar, kyanwar kuwa tana ci tana wasa, kansa ya tausaya wa. Wanda kuma ya riƙe ta cikin azaba don ba ya son rabuwa, shi ma kansa ya tausaya wa. Yar da ita a jeji kuwa ya fi duka muni, gama an bar ta ga yunwa da ƙishi da karnuka, an kuma kai cutar ga wasu. Mai yin haka bai sauke nauyin ba, ya dai ɓoye wa idonsa abin da zai same ta.

Ƙaunatattu, mu mutane ne masu son ganin sakamako. Muna yin jinya da begen warkewa, in an ce babu warkewa sai hannunmu ya yi sanyi. Amma a Luka 14 Ubangiji ya koya mana mu shirya biki domin waɗanda ba za su iya rama mana ba, a Romawa 5 kuma manzo ya tuna mana cewa Almasihu ya mutu dominmu tun muna raunana, ba mu da abin biya. Wanda ya karɓi irin wannan alheri bai kamata ya riƙa tambayar ribar kowane alheri ba. Romawa 8 ta ce dukan halitta tana nishi, tana jiran 'yantarwa tare da 'ya'yan Allah. Kyanwar nan mai fararen dasashi tana cikin masu nishin. Ba mu da ikon warkar da ita, amma kwanon ruwa da wurin kwanciya mai ɗumi suna cikin ikonmu, kuma a kan abin da yake cikin ikonmu za a tambaye mu.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, Mahaliccin dukan masu rai, ka ba mu zuciya mai tausayi ga raunanan da ka sa a ƙarƙashin hannunmu, mutane da dabbobi. Ka ba mu hikimar sa kowane hakki a matsayinsa, da haƙurin yin hidima inda babu lada a ido. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.