Idodin Ubangiji da Kwanakin Girbi

Karatu: Littafin Firistoci 23

A ƙasar Kan'ana ruwan sama yakan fara wajen Oktoba, ya ɗauke wajen Afrilu. Saboda haka sa'ad da muke cikin zafin bazara, su suna girbi. Allah kuwa ya ɗaura manyan idodin Isra'ila a kan kwanakin gona.

Watan fari, watau Abib (Maris zuwa Afrilu). Ran 14 Idin Ƙetarewa, ran 15 Idin Gurasa Marar Yisti, har kwana 7. Lokacin nan sha'ir yake nuna. Ba wanda zai ci sabon hatsi sai an kai damin nunan fari gaban Ubangiji. A wannan idi aka gicciye Almasihu, ya kuwa tashi, ya zama nunan fari na matattu (1 Korantiyawa 15:20).

Bayan kwana 50, Idin Makonni, watau Fentikos, lokacin girbin alkama. Akan miƙa gurasa 2 ta sabon gari. A ranar nan Ruhu Mai Tsarki ya sauko, mutum wajen 3,000 suka ba da gaskiya.

Wata na 7 (Satumba zuwa Oktoba). Ran 1 busa ƙaho, ran 10 Ranar Kafara, ran 15 Idin Bukkoki. Amfanin gona duka ya shiga gida, sa'an nan jama'a su fita su zauna cikin bukkoki kwana 7, su tuna kakanninsu da aka ciyar a jeji ba gona ba rumbu.

Sai mu lura da aya ta 22. A tsakiyar lissafin idodi Allah ya hana mai gona girbe gefen gonarsa, ya hana shi yin kala, gama rabon matalauci da baƙo ke nan. Ashe wanda ya kai dami ɗakin sujada, amma ya share gonarsa ƙaf, bai gama kiyaye idi ba.

'Yan'uwa, mu ba ma ƙarƙashin dokar idodin nan, gama Almasihu ya cika su. Amma gero da dawa da doya, har yanzu daga hannun Allah suke fitowa. Kada mu ci tumu mu manta da wanda ya aiko da ruwa.

Tambayoyi
1. Don me aka hana cin sabon hatsi kafin a miƙa nunan fari?
2. Mu mukan kawo baikon kaka daga na fari ne, ko daga abin da ya ragu?
3. Wace gwauruwa ko wane baƙo ne a cikinmu zai ci daga gonarmu bana?

Bari mu yi addu'a.