Wanda ya biya da wanda ya sani

Mu ƴan Kurfai ba mu san ruwa ba. Dallol Boso busasshen kwari ne, ruwanmu na rijiya ne da tabkin damina. Wata shekara, tun hanya na da lafiya, baba ya kwashe mu daga Filinge lokacin hutun lakwal, muka bi ta Yamai har Ayaru, bakin kogin Isa. Ya yi jinga da wani mai jirgi ya zaga da mu tsibirai mu ga dorina.

A tsakiyar ruwa baba ya ce a matsa kusa. Mai jirgi ya ce: "Alhaji, tana da ɗa, ba ni zuwa." Baba ya hasala: "Ba ni na biya ba?" Mutumin ya juya jirginsa kawai.

To, mi kuɗin baba suka saya? Wani zai ce in duk wanda aka ɗauka aiki ya yi gaban kansa, jinga ta lalace. Akwai gaskiya ciki. Amma ba don ƙarfin tuƙi baba ya ɗauki mutumin ba, mu ma muna da damtse. Saninsa ya saya, kuma wannan "a'a" tana cikin sanin. Da ya bi umarni, da ya ci kuɗi bai ba da kaya ba.

Mai wuyar ita ce uba ya ji "a'a" gaban ƴaƴansa. Da muka sauka, baba ya ƙara mishi jikka guda, bai dube mu ba.